Matambayi ba ya ɓata? Abin da kalmar «na» ta koya mini

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Na tashi da wannan magana ban taɓa ja da ita ba, sai bana da aikin memuwar ya sa na yi tambaya sau biyu a intanet. Ta farko na yi ta a hargitse, aka ɗora ni kan hanya kafin shayina ya huce. Ta biyu na yi ta tsaf bisa ƙa'ida, ita ce kuma ta kusa kai ni daji. Wannan rubutu suka ce a kan al'adar neman taimakon lissafi wurin mutanen da ba ka taɓa gani ba: yadda mu muke tambaya, da yadda su suke amsawa. Wanda bai taɓa buɗe lojisiyel ɗin ƙididdiga ba kada ya tsallake shafin nan. Ko sosiyoloji kake karanta ko tattalin arziki ko aikin gona, ranarka na nan tafe.

Bari in fara da aikin kansa, don in ba a san shi ba sauran zancen ba zai shiga ba.

Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. «Gari» muke rubutawa ko birni muke nufi ko na tuwo, alhali a baki na tuwo ya fi jan wasalin farko. Haka abin yake a ƙananan kalmomin da ke gaban aikatau. In na ce «na zo», wasalin «na» dogo ne. In na ce «ni na zo», gajere ne. Haka «ka», haka «ya», haka «ta». Tambayata ita ce: nawa ne wannan bambanci in an auna shi da agogo? Mutanen Damagaram kaɗai na ɗauka, don wajen Tawa «shi yaz zo» ake cewa, baƙin ne ke ninkuwa, wannan kuwa wani aiki ne daban. Na ɗauki muryar mutum 12, cikinsu har da gwaggona da maƙwabtanmu biyu. Kalmomi 8, kowace sau 10 a bakin kowa. In kun buga za ku samu 960. Kowane ɗaya da hannu na yanka shi cikin Praat, lojisiyel ɗin auna sauti da Paul Boersma da David Weenink suka ƙera a Jami'ar Amsterdam, na rubuta tsawonsa da milisakan. Wata uku na yi a kai, da kuran da ba kuran.

Don in bambanta dogo da gajere cikin tebur, kuma don ido ya riƙa kama su da sauri, sai na rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe: NA da NAA, KA da KAA, YA da YAA, TA da TAA. Ku riƙe wannan a ranku.

Lissafin kuwa da R ake yi. Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara shi a Jami'ar Okland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, cikakken bugu na farko ya fito a 2000. Kyauta yake, ba kuɗin lasisi ba komai, shi ya sa malamai ke tura mu wurinsa. Ba a latsa maɓalli a ce ya yi aiki; umarni ake rubuta masa layi bayan layi. Wato harshe ne, da nahawunsa da kalmominsa. Na ce a raina, ai ɗalibar kimiyyar harshe ta zo gida. Ashe gidan baƙi na shiga ba sallama.

Kuskuren da ya yi kuka

Ranar farko ko fishiye ɗin ya ƙi buɗewa. Jan rubutu ya fito da Faransanci, wai kolon sun fi sunayen kolon yawa. Na ƙirga sunayen, na ƙirga kolon, daidai suke. To me na yi? Abin da duk muke yi. Na ɗaga salula na ɗauki hoton ekran, a karkace, hasken taga ya cinye rabin rubutun, na tura wa ƴan ajinmu: «Salamu alaikum ƴan uwa, nawa fa ya ƙi.» Ɗaya ya ce Allah ya sawwaƙe. Ɗaya ta ce ita ma nata haka ya yi mata bara, ta manta yadda aka yi ya bari. Na uku ya ce in kashe ordinatar in kunna.

Da na ga ba ci, sai na haɗa ɗan Ingilishina na kai kuka wurin masu R na duniya. Na yi gaisuwa layi huɗu, na faɗi ƙasata, na ba da haƙuri a kan Ingilishin, na ce sutnans ya matso, na liƙa hoton nan. Amsar da ta zo ba gaisuwa ba sannu. Abu uku mutumin ya nema: in kwafo rubutun kuskuren kansa maimakon hoto, in kwafo umarnin da na bayar, in kwafo layi uku na farkon fishiye ɗin. Wallahi na ji zafi. A gidanmu ko gishiri ka je aro sai ka tambayi kwanan yara. Amma na yi abin da ya ce, amsa ta dawo kalma guda: read.csv2.

Ga abin da ya faru. Ordinatocinmu a Faransanci aka saita su, Bafaranshe kuwa 85,4 yake rubutawa inda Bature ɗan Ingila ke rubuta 85.4. Tunda waƙafi ya riga ya samu aiki cikin lamba, sai teburin lissafi ya raba kolon da waƙafi mai ruwa. Umarnin da ke cikin kayenmu, read.csv, yana ɗauka kowane waƙafi iyakar kolon ce, don haka ya riƙa tsaga lambobina gida biyu. Masu R sun san da wannan tun da daɗewa, shi ya sa suka yi masa ƙane mai lamba 2 a ƙarshe. Mutumin bai san ni ba, bai san Hausa ba, amma da ganin layi uku ya gane ciwon, kamar yadda tsohuwar ungozoma ke ganewa da taɓi ɗaya.

A nan su suka yi gaskiya, mu muka yi kuskure, kuma ya kamata mu faɗa wa kanmu. «Ya ƙi» ba tambaya ba ce, kuka ne. Muna zuwa da damuwarmu, mu baro shaida a gida. Hoton ekran ba a iya kwafarsa, ba a iya gwada shi, sau da yawa ma ba a iya karanta shi. Kuma akwai kunya a ciki, in za mu faɗi gaskiya: ba mu son a ga umarnin da muka rubuta, kada a gane ba mu iya ba. Mai zuwa wurin likita yana ɓoye ƙurjin, me yake so likita ya duba?

Ƙa'idar tasu tana da sauƙin faɗi. Ka kawo ƙaramin misali wanda wani zai iya sakawa cikin tasa na'urar ya ga kuskuren da idonsa. Ka rage bayanan su zama ƴan layuka. Ka rage umarnin har ya rage wanda ke jawo matsalar kaɗai. Ka faɗi abin da ka zata za ka gani da abin da ka gani. R ma ya tanadi kayan aikin: str yana nuna irin abin da ke cikin kowace kolon, dput yana fitar da bayanan a rubuce yadda R ke riƙe da su a cikinsa, sessionInfo yana faɗin bugun da kake aiki da shi. Mu ƴan harshe mun san wannan da wani suna. Paul Grice, a 1975, ya bayyana cewa masu zance suna sa ran kowa ya ba da bayani gwargwadon buƙata, kada ya gaza kada ya zarce, kuma ya tsaya kan batu. Saƙona na farko ya zarce a gaisuwa ya gaza a shaida. Ban ji daɗin yadda aka gaya mini ba, amma ban isa in ce ƙarya ne ba.

Kuskuren da ya yi shiru

Bayan sati biyu komai na tafiya sumul. Na koyi gina lissafin da ake kira model mai gauraye da wani kunshi mai suna lme4, wanda ke la'akari da cewa kowane mutum da saurin bakinsa, kowace kalma da halinta. Sakamako ya fito, ba jan rubutu ko ɗaya, lambobi reras gwanin sha'awa. Har na fara rubuta babi na huɗu.

Ƙawata da muke ɗaki ɗaya a site, ƴar Tawa ce, tattalin arziki take karanta, ita ce ta leƙo ta bayana tana cin gyaɗa. Ta ce: «Ke, tsaya. Ba 960 kinka ce kin auna ba? Mi yas sa nan anka rubuta 840? Ina saura sunka tahi?»

Na duba. Can ƙasa, da ƙaramin rubutu, adadin ma'auni 840. Mutane 12, daidai. Kalmomi 7. Ni kuwa 8 na sani. Ma'auni 120 sun yi ɓatan dabo, lojisiyel ɗin ko tari bai yi ba.

Wannan karon na ce ba za a sake koya mini tambaya ba. Na zauna in haɗa ƙaramin misali. Nan na ci karo da abin da ƙa'idar ba ta cika damuwa da shi ba. Teburina yana ɗauke da sunan gwaggona, da shekarunta, da unguwarta. Ranar da na ɗauki muryarta sai da ta ce: «Ɗiyata, ba dai rediyo za ki kai ni ba ko?» Na rantse mata ba mai ji sai ni da malamina. Ba zan watsa ta ga duniya ba. Shawarar da aka saba bayarwa a nan ita ce ka ƙirƙiri bayanai na bogi masu kama da naka, ko ka ɗauki waɗanda suka zo tare da R: furanni 150 da Ronald Fisher ya yi lissafi da su a 1936, ko motoci 32 da aka ciro daga wata mujallar Amurka ta 1974. Sai na ƙirƙiri nawa. Mutanen na ba su lamba 1 zuwa 12. Kalmomin kuwa, don kada in wahalar da Bature da Hausa, na mayar da su A, B, C har zuwa H. Na gwada. Ya ba ni 960 cif.

Duk da haka na aika, na ce ga misalin, a nan yana aiki, a wurin na gaske 120 suna ɓacewa. Na farko ya ce shi ma a wurinsa lafiya lau, ba abin da zai iya yi da misalin da ba ya nuna cuta. Na biyu ya ce bugun R ɗina ya tsufa, in sabunta shi da duk kunshin da ke ciki tukuna. Na sayi forfe na dala ɗari biyu, na jira dare rezo ya lafa, na sauke; R kaɗai ya kusa mega 80, ban da sauran. Gari ya waye, 840 na nan daram.

Na uku shi ne wanda har yau in na tuna nake dariya ina jin kunya. Ya ce, ga alama kina da NA cikin bayananki. Na ce ƙwarai kuwa, guda 120, ni na zuba su da hannuna. Ya ce to ai shi ke nan, lme4 yana zubar da duk layin da ke da NA, haka aka yi shi, ba matsala ba ce. In ina so ma in share su tun farko da na.omit don aiki ya yi tsabta. Na yi ta kallon ekran. In share su? Wata uku ina yanka su, wani can ya ce in share don tsabta?

Shi da ni kalma ɗaya muke faɗi, kowa da abin da yake nufi. A harshen R, NA alama ce ta gurbin da babu komai, wato ba a samu ba. An faɗa mana a darasin farko, yana ma cikin kayena. Amma wadda ta kwana casa'in tana rubuta NA tana jin muryar gwaggonta na cewa «ni na zo», idonta ba zai karanta shi da wani harshe ba. Abin da ya ƙara rufe mini ido: in R ya nuna tebur, gurbin da babu komai a kolon rubutu yana fitowa kamar haka, <NA>. Mu kuwa a kimiyyar harshe irin wannan baka mai kusurwa ita muke sa wa kalma in muna nufin yadda ake rubuta ta. Na gan ta sau ɗari, na ɗauka ado ne.

Abin da ya fasa ƙwan, kayan aikinsu ne dai. Cikin fushi na ce bari in ga yadda R ke riƙe da kolon kalmomin nan ta gaske, ba ta bogi ba. Na buga dput. Ya jero: "NAA", "KA", "KAA", "YA", kowace cikin alamar zancen wani, sai guda ɗaya tsirara, NA, ba alama gaba ba alama baya. Duk ɗalibin harshe ya san bambancin kalmar da aka ambata da kalmar da aka yi aiki da ita. Sauran bakwai R ambatonsu yake yi, kalmomina ne, ajiya aka ba shi. Ta takwas kuwa tasa ce, magana yake yi da ita, yana cewa nan babu komai. Tun ranar da aka buɗe fishiye ɗin ya haɗiye ta, domin umarnin karanta tebur an saita shi ya ɗauki baƙaƙen nan biyu a matsayin gurbi, sai fa in ka hana shi. Maganin bai kai rabin layi ba: a ƙara na.strings = "" cikin umarnin, wato gurbin da ba a rubuta komai ba shi kaɗai ne gurbi. Na sake bugawa. 960. Kalmomi 8.

Da ƙawata ba ta leƙo ba, da na tsaya gaban juri ina bayani a kan bambancin «na» dogo da «na» gajere, alhali ko gajere ɗaya babu cikin lissafin. Da na kai wa malamina labarin, ya yi shiru, sannan ya ce: «Da kin kawo shi haka, da ni ma na sa hannu.» Wannan magana ta fi komai ba ni tsoro.

Hukuncina

To ina laifin masu amsa? Ba wanda ya yi mini ƙarya cikinsu. Na ukun ma gaskiya tsantsa ya faɗa. Kyauta suka ba ni lokacinsu, ban biya ko dala ba. Amma gaskiyar da ba ta isa ga mai tambaya ba, ba ta gama aikinta ba, kuma ina ganin al'adar tasu tana da ramuka da ya kamata a nuna.

Babban ramin yana cikin ƙa'idar ƙaramin misali kanta. Ƙa'idar ta ginu a kan zaton cewa cuta tana cikin umarni, bayanai kuwa ruwa ne kawai da za a iya zubarwa a ɗebo wani. Ga mai ƙirga motoci wataƙila haka ne. Ga mai aiki da harshe, sau da yawa cutar tana cikin naman bayanan: wace kalma ce, da wane baƙi aka rubuta ta. Ranar da na mayar da NA ta zama A don in sauƙaƙa wa baƙo, ranar na wanke shaidar da hannuna. Na bi ƙa'ida sau da ƙafa, ƙa'idar ce ta sa na jefar da abin da ake nema. Kuma ba wanda ya yi tambayar da ɗan aji ɗaya a sashenmu zai fara yi: wai waɗanne kalmomi ne? Da na jero su takwas, da magana ta ƙare a nan. Mutumin da ya ji na ce ni na zuba NA da hannuna guda 120, ya kamata ya tsaya ya ce, me kike nufi? Bai tsaya ba, don a duniyarsa baƙaƙen nan biyu ma'ana ɗaya gare su.

Kada a ce Hausa ce kaɗai ke faɗawa wannan rami. Lambar ƙasar Namibiya mai baƙi biyu a tsarin duniya NA ce, masu lissafin ƙasashe sun sha ganin ta ɓace musu daga tebur ta wannan hanya. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya canza sunayen wasu, irin su MARCH1 da SEPT1, saboda Excel yana mayar da su kwanan wata. Ku duba fa: masana suka sauya sunan abin da suke nazari don lojisiyel ya bar su su huta. Su suna da kwamiti. Mu ba wanda zai sauya wa «na» suna, kuma ba mu so a sauya.

Ga kuma baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Tsohon tsarin ajiye rubutu na Yammacin Turai bai san da su ba. In fishiye ya bi ta cikinsa, sai su koma alamar tambaya. «Ɓari» da «ɗari» da «ƙari» duk su zama «?ari», mai ƙirga kalmomi ya samu kalma ɗaya mai yawa a maimakon uku, ba kuma jan rubutun da zai fito ya gargaɗe shi. Sai a 2022, da bugu na 4.2, R ya koma aiki da tsarin UTF-8 kai tsaye a kan Windows na zamani. Don haka shawarar a sabunta ba shirme ba ce, akwai ranar da ita ce magani. Abin da nake suka shi ne a mayar da ita gaisuwa, a faɗe ta kafin a duba ko ta shafi ciwon. Wanda intanet ke zuba a gidansa kamar famfo bai san cewa wannan kalma guda kuɗin abincin kwana biyu ba ne ga mai jiran burs.

Sai batun harshe. Ni da Hausa nake tunani, na'urata da Faransanci take ƙorafi, amsoshin da aka tara shekara da shekaru kuwa yawancinsu da Ingilishi suke. In ka kwafi saƙon kuskure na Faransanci ka nema, abin da za ka samu kaɗan ne. Akwai dabara: ka buga Sys.setenv(LANGUAGE = "en"), ka sake jawo kuskuren ya fito da Ingilishi, sannan ka nema. Dabara ce mai amfani, ku rubuta ta. Amma ku lura da abin da take nufi: kafin a saurare ka, sai ka fassara ciwonka sau biyu, kuma a kowace fassara wani abu na zubewa. Nawa abin da ya zube shi ne kalmar da ake nema.

Gaisuwa fa? A nan na sauko daga inda na fara. Da na ɗauka rashin tarbiyya ne. Yanzu na gane mutumin da ke amsa tambaya talatin a dare, girmamawar da yake so ita ce kada a ɓata masa lokaci, shi ma kuma abin da yake ba ka ke nan. Kowane gari da irin sallamarsa. Sai dai ban yarda gaisuwarmu ɓata lokaci ce zalla ba. In Bahaushe ya ce ina gajiya, ina aiki, yaya gida, yana auna wanda ke gabansa ne, daga ina ya fito, me ya ɗauko. Wannan aunawar ce ta yi ƙaranci a tambayata ta biyu. An yanke duk abin da ba umarni ba, har da tambayar da za ta nuna cewa mai maganar nan da wani harshe take aiki.

Abin da ya rage gare mu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanan nesa sun fi mu sanin R nesa ba kusa ba, kuma duk kuskuren da ya yi kuka da jan rubutu, ku kai musu, za su share muku hawaye in kun kai shaida. Wanda ya yi shiru kuwa, ba mai kama shi sai wanda ya san adadin da ya zuba da kuma abin da ya zuba. Ba ƙwararre ne ya ceci memuwar ɗina ba. Ƴar Tawa ce mai cin gyaɗa, wadda ta riƙe lamba ɗaya a ka don ta gaji da jin ina maimaita ta.

Saboda haka ga abin da nake yi yanzu, wanda ya ga dama ya ɗauka. Kafin in buɗe na'ura ina rubuta a takarda layi nawa nake da su, mutum nawa, kalma nawa, kuma bayan kowane mataki ina sake ƙirgawa. Ina buga str da zarar fishiye ya buɗe, ina karanta abin da ya fito kamar yadda nake karanta jarrabawa. In na yi tebur na ƙirga, ina ƙara useNA = "ifany", don umarnin table shi ma ɓoye gurabe yake yi in ba a ce masa ya nuna ba. In zan kai tambaya waje, sunayen mutane nake cirewa, kalmomin kuwa ina barin su yadda suke, da lanƙwasarsu da komai, in ƙara layi ɗaya in ce wannan Hausa ce, ga abin da kowace ke nufi. Kuma kafin in kai wa baƙo, ina zaunar da wani na kusa in yi masa bayani da baki, da Hausa, tun daga farko. Rabin lokaci kafin in kai ƙarshe na ji inda maganata ta yi tuntuɓe.

Ina roƙon ƴan ƙungiyarmu abu ɗaya. Duk wanda lojisiyel ya taɓa cinye masa baƙi ko kalma ko lamba, ya rubuto mana yadda abin ya faru da yadda ya warke, ko da rabin shafi ne, da Hausa ko da Zabarmanci ko da Faransanci. Mu tara su mu buga a fitowa ta gaba. Fotokofi ɗaya ba ta kai kuɗin forfe ba, kuma ba ta jiran rezo.

Da na je hutu na ba gwaggona labari, na ce na'ura ta ce «na» ɗinta babu shi. Ta ce: «To ni da na faɗa sau goma har makogwarona ya bushe? Ki ce mata ni na faɗa.» Na lura wasalin gajere ne. Ban auna ba, amma na ji shi.